Bishiyar Kwari ta Namibiya: Babbar Ke Jure Fari, Ƙaramar Sai da Reno

Kimanin kilomita 14 arewa maso gabashin garin Keetmanshoop, a kudancin Namibiya, akwai wata gona da ake kira Gariganus. Masu yawon buɗe ido na tururuwa can, amma ba hatsi ko dabbobi suke zuwa kallo ba. Baƙaƙen duwatsu ne jibge kan juna, a tsakaninsu kuma bishiyoyi wajen 250 tsaye ƙyam, kowace da kai kamar an kife laima. Ba wanda ya dasa su, ba wanda yake ba su ruwa. Ruwan saman da ke sauka a yankin cikin shekara guda wajen milimita 150 ne kacal, abin da watan Agusta kaɗai ke zubarwa a Kano har ya zarce. Duk da haka ana kiyasin manyan cikinsu sun kai shekara 200 zuwa 300.

Mutanen can na kiran bishiyar kokerboom, masana tsirrai kuma Aloidendron dichotomum. Mu kira ta bishiyar kwari, don mafarautan ƙabilar San na dā, 'yan asalin yankin, suna rarake reshenta su toshe gefe guda da fata, su mayar da shi kwarin zuba kibau. Ayarin Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan da ke Cape, a ƙarshen kudancin Afirka, ya rubuta labarinta a 1685 lokacin da suka nausa arewa neman tagulla a Namaqualand. An buga hotonta a kan kwabon santi 50 da Namibiya ta fitar a 1993. 'Yar'uwar alobera ce da ake shafawa a fata, da kuma zabuwa ta dajinmu, sai dai ita ta miƙe ta zama itace, takan kai mita bakwai har ta ɗara. Sai a 2013 aka raba ta da sauran dangin, aka ware musu rukuni nasu na masu zama bishiya.

Wanda ya san goriba zai gane tsarinta nan take: gangar jiki ɗaya, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har sama. A bakin kowane reshe akwai tarin ganye masu kauri, shuɗi-shuɗi, cike da ruwa. Idan ka shafa reshen, wani farin gari zai maƙale maka a hannu, shi ke mayar da hasken rana baya don kada reshen ya dahu. Ɓawon gangar jikin kuwa ruwan zinariya ne, a tsattsage, bakinsa da kaifi har yakan yanki mutum. Cikinta ba katako ba ne, wani saƙaƙƙen zare ne mai laushi da ke riƙe ruwa, shi ya sa ba ta da zoben shekara irin wanda ake ƙirgawa a kututturen itace. Shekarun da ake ba ta duk kiyasi ne. Da rana takan rufe ƙofofin numfashin ganyenta, sai dare ya yi sanyi ta buɗe su ta shaƙi iska, ta haka ruwan da ke tsere mata kaɗan ne. Idan fari ya yi tsanani kuma, takan tsuke bakin wani reshe ta yar da ganyensa, ta sadaukar da shi don saura su rayu. Reshen da aka yi wa haka ba ya sake toho.

A watannin Yuni da Yuli, tsakiyar hunturunsu ke nan, take fitar da fure rawaya. Ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye masu shan zaƙin fure su yi ca a kai, gwaggon biri ma ya hau ya kakkarya don ya lasa. Wasu tsuntsaye dangin marai kan gina ƙatuwar sheƙar tarayya a tsakanin rassanta.

Gardamar gawarwaki

Abin da ya jefa bishiyar nan cikin labaran duniya shi ne mutuwa. Manoma da masu kula da gandun daji sun daɗe suna ganin busassun bishiyoyin kwari, wasu a tsaye wasu a kwance. Wata mai bincike 'yar Afirka ta Kudu, Wendy Foden, tare da abokan aikinta, ta bi wurare 53 da bishiyar ke tsirowa, tun daga kusa da dutsen Brandberg a Namibiya har zuwa kudu wajen Nieuwoudtville a Afirka ta Kudu. Suka ƙirga masu rai da matattu, suka kuma gwada tsoffin hotuna da yadda wuraren suke a lokacin. Sakamakon da suka buga a 2007 ya ce mutuwar ta fi yawa a arewa, inda zafi ya fi, da kuma wuraren da ke ƙasa-ƙasa, yayin da na kudu da na kan tuddai ke samun ƙaruwa. Fassararsu ita ce ɗumamar yanayi na tura bishiyar kudu, ita kuwa ba ta da saurin ƙaura. Irinta iska ke kwasa, kuma ba ya nisa. Wanda ya tsiro sai ya shekara 20 zuwa 30 kafin ya yi furen farko. Itacen da ke buƙatar shekara talatin kafin ya yi taki ɗaya, ina zai kamo zafin da ke gudu?

Binciken ya karɓu ƙwarai, don a lokacin yawancin hujjojin irin wannan daga Turai da Amurka suke fitowa, daga ƙasashen ƙanƙara. Ga shi an samu ɗaya daga hamadar Afirka, kuma a jikin itacen da kowa ke ɗauka fari ba ya yi masa komai.

Sai a 2016 wasu masana daga Jami'ar Cape Town, cikinsu har da Sam Jack da Timm Hoffman, suka ce a dakata. Ba su musanta cewa matattu sun fi yawa a arewa ba. Tambayarsu ita ce: yaushe suka mutu? A wuri mai tsananin bushewa gawar itace ba ta ruɓewa da wuri, tana iya daɗewa shekaru masu yawa a fili. A kudu mai ɗan danshi kuwa nan da nan take narkewa ta bi ƙasa. Ke nan wanda ya zo ya ƙirga gawarwaki rana ɗaya, a arewa mutuwar zamani mai tsawo ya tara wuri guda, a kudu kuma ta 'yan shekaru. Da suka duba yadda gawarwakin suka tsufa, sai suka ga yawancinsu tsoffi ne, ba mutuwar jiya ba. Tun a 2014 ma sun nuna wani makashin da ba a cika lissafi da shi ba, wato iska. Saiwar bishiyar kwari ba ta nitsewa, shimfiɗuwa take yi kusa da saman ƙasa don ta cafke ɗan yayyafin da ya samu. Kai ya yi nauyi, ƙasa ta jiƙe ta saki, guguwa ɗaya ta isa ta kwantar da itacen da ya ga jikokin jikoki. Ga ɓarnar birai, ga beguwa mai gaigayar ɓawo, ga awaki da jakuna a wuraren kiwo.

A ganina kowane ɓangare na da tasa gaskiyar, sai dai idon jama'a ya tsaya kan abin da ya fi ɗaukar hoto. Busasshiyar bishiya tsaye cikin hamada abin tausayi ce a jarida. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Dajin da tsofaffinsa ke mutuwa alhali yara na tasowa lafiyarsa lau. Wanda tsofaffinsa ke tsaye garau amma babu ƙarami ko ɗaya a gindinsu, wannan ya riga ya mutu, labari ne bai iso ba. Kuma duk ɓangarorin biyu sun ga cewa a wurare da dama na ɓangaren da ya fi zafi da bushewa, ƙananan sun yi ƙaranci. Namibiya ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda fari a 2013 da 2016 da 2019, ta sake a 2024. Babbar bishiya na iya ratsa irin waɗannan shekaru da ruwan da ta tara. Tsiron da bai kai yatsa tsawo ba, me ya tara?

Yadda ƙaramar ke tsira a daji

Duba inda ƙananan suke a Gariganus da makamantanta, za ka ga kusan ba ka samun su a fili tsirara. Suna cikin tsagar dutse, ko a ƙarƙashin wata 'yar ƙaya. Dutsen na yi musu inuwa da tsakar rana, raɓa da yayyafi na gangarowa daga jikinsa zuwa gindinsu, akuya ba ta iya zura baki, kuma idan sun girma saiwa ta samu abin kamawa. Bayan wannan sai sa'a: shekaru biyu ko uku masu ɗan ruwa a jere, waɗanda a hamada sukan yi wuyar haɗuwa. Shi ya sa a daji ɗaya za ka ga bishiyoyi sa'annin juna rukuni-rukuni, da babban giɓi a tsakani. Kowane rukuni shaidar wata damina ce mai albarka da aka taɓa yi.

Wannan shi ne abin da mai son renon bishiyar a gida ya kamata ya riƙe, domin kuskuren da ake yi iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna. Mutum ya ji an ce itacen hamada ne, sai ya ajiye ɗan tsiro a tsakiyar rana ba ruwa, ya ƙone. Wani kuma ya sayi babba mai tsada, ya dasa a tsakiyar ciyawar ado inda famfo ke fesa ruwa safe da yamma, ya ruɓe. Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi ciwo, don asarar ta fi girma.

Daga iri ake farawa. Yankan reshe a dasa, wanda ke yi wa alobera da sauran danginta sauƙi, ita bai cika karɓarta ba. Wanda ya nace, sai ya bar yankan a inuwa makonni har bakin ya bushe ƙamas kafin ya soka shi cikin yashi, kuma ya sa a ransa cewa ruɓewa ta fi kamuwa kusa. Iri kuwa sabo ake so, don ba ya daɗewa da rai. A zuba yashin rafi mai tsakuwa a faranti mai huji, a barbaɗa irin, a rufe da yashi ɗan kaɗan yadda iska ba za ta ɗauke ba, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. A nan, kuma a nan kaɗai, ana son danshi ya dawwama. Cikin 'yan makonni za a ga ɗan kore ya leƙo. Babban abokin gabarsa a wannan mataki shi ne cutar da ke kama wuyan tsiro daidai bakin ƙasa, yau yana tsaye gobe ya kife. Iska mai ratsawa da rashin cunkoso ne maganinta, wasu kuma sukan haɗa da maganin fumfuna.

Shekarun farko ba ta kama da bishiya ko kaɗan. Ganye ne jere a kan ɗan kara guda, tana ƙara abin da bai wuce santimita 10 zuwa 20 ba a shekara idan ta samu yadda take so. A hankali ake fito da ita rana, mako bayan mako, ba rana ɗaya ba. A hankali kuma ake janye ruwan, har a kai inda sai ƙasar tukunyar ta bushe har ƙasa kafin a sake zubawa. Ba da ido ake ganewa ba: soka tsinke har gindin tukunya, in ya fito da sanyi ko ƙasa ta maƙale masa, a bari. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi.

Ranar dasawa a ƙasa

Yawancin bishiyoyin da ke mutuwa a lambu tun ranar dasawa aka yanke musu hukunci. Mai lambu ya saba haƙa rami, ya cika da taki, ya yi wa itace kwano a gindi don ruwa ya tsaya. Ga bishiyar kwari duk ukun nan guba ne. Ita tudu take so ko gangara. Inda ƙasa ta laka ce, rami tamkar kwatarniya yake zama, ruwa ya taru a ƙasa ya kwana. Sai a tara tudu, mafi yawansa tsakuwa da yashi mai kauri, ƙasa kaɗan, a ɗora bishiyar a kai, wuyanta daidai inda yake a tukunya, kada a binne ko da ɗan yatsa. A jera manyan duwatsu kewaye da gindin, suna danne saiwa suna tare iska, aikin da baƙaƙen duwatsun Gariganus ke yi ke nan. Taki kuwa ɗan garin ƙashi ya wadatar. Ɗanyen kashin shanu ko takin zamani mai ƙarfi na sa ta yi girman gaggawa, jiki ya yi taushi, kai ya fi ƙarfin ƙafa. Bayan dasawa a bar ta mako ɗaya ko biyu ba ruwa, saiwar da ta ji rauni ta warke tukuna.

Da zarar ta kafu, mafi alherin da za a yi mata shi ne a ƙyale ta. Kuma yana da kyau mutum ya iya karanta ta, don ƙishi da ruɓewa kan yi kama a ido. Mai ƙishi ganyenta kan sirance, ya lanƙwashe ciki, ya yi ja-ja, amma gangar jikin na nan da ƙarfi. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, ruwa ɗaya mai kyau zai mayar da ita. Mai ruɓewa ma ganyenta kan yanƙwane, don saiwar da za ta ja ruwan ta mutu, sai mai ita ya ga haka ya ƙara mata ruwa, ya ƙarasa ta. Kafin ka ɗauko bokiti, danna gindin da babban yatsa. In ya lotsa, ko ka ji wari, ko ganyen tsakiya ya zare da ɗan ja kaɗan, ruwa ne ya yi yawa. Ƙarama ana iya tone ta, a yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, a shanya a inuwa, a sake dasawa cikin busasshen yashi. Babba kuwa, in ruɓar ta hau gangar jiki, sai haƙuri.

Ƙwari ma na taɓa ta. Akwai farare masu manne wa ganye kamar an yayyafa toka, waɗanda buroshi da ruwan sabulu ke kankarewa tun suna kaɗan. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki da tsutsarsa ke huda tsakiyar kan. Mafi muni shi ne wani ɗan mitsitsi da ido ba ya gani, mai sa wurin toho ko fure ya kumbura ya murɗe ya zama ƙulli. Wannan yankewa ake yi a ƙone, kada a jefa a juji, don iska ce ke yaɗa shi.

Cinikin manya

Saboda jinkirin girmanta, akwai masu kuɗin da ba sa son jira, suna son ta shekara hamsin a ƙofar gida yau. Daga nan ɓarayin daji suka samu kasuwa. Doka ta kare bishiyar a Namibiya da Afirka ta Kudu, ba a tone ta ko a yi safararta sai da izini, tana kuma cikin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Afirka ta Kudu ta sa ta a jerin masu fuskantar barazana. 'Yar'uwarta Aloidendron pillansii, wadda ke yankin Richtersveld da gaɓar kogin Orange, ta fi ta shiga haɗari nesa ba kusa ba. Tun wajen 2019 satar tsirran hamada ta ƙazanta a wannan yanki, ko da yake ƙananan tsirrai masu shiga aljihu aka fi kwasa.

Ban da laifi, cinikin ma na wauta ne. Babbar da aka tumɓuke daga tsakanin duwatsu ta bar yawancin saiwarta a can. Amma da yake jikinta rumbun ruwa ne, za ta ci gaba da zama kore wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana cin ajiyarta. Mai saye na ta nuna wa baƙi, mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. Ranar da ta kife, sai a ɗora wa mai ban ruwa laifi.

To a ƙasarmu fa? Wanda ya ga hotonta ya yi sha'awa zai ce ai mu ma muna da rana da rani. Rani ba shi ne matsalar ba, hunturu da iskarsa busasshiya ma daɗi za su yi mata. Matsalar biyu ce. Ta farko daren bazara: itacen da sai dare ya yi sanyi yake numfashi, daren Afrilu da Mayu na Sakkwato ko Maiduguri wahala ne gare shi. Ta biyu Agusta, lokacin da ruwa ke sauka kwana da kwanaki, iska ta yi nauyi da danshi, ƙasa ba ta bushewa tsakanin wani ruwa da wani. Zafi da danshi a haɗe su ne ainihin abin da ke ruɓar da ita. Wanda ya matsa sai ya gwada, to a tukunya, da tsiron da aka rena daga iri a wurin mai izini, kuma da damina ta kankama a ja ta ƙarƙashin rumfa inda haske ke shiga ruwa ba ya shiga.

In kuwa siffar ce kawai ake so, itace mai rassa biyu-biyu da kan alobera, akwai 'yar'uwarta Aloidendron barberae ta gabashin Afirka ta Kudu da Mozambik, wadda ta fito daga wuraren da ake ruwan bazara sosai. Ta fi saurin girma, takan kai mita 15 har fiye, tana kamuwa daga yankan reshe, kuma damina ba ta firgita ta muddin ruwa na wucewa. Akwai kuma wadda aka samu ta hanyar barbarar su biyun, ana kiranta Hercules, wadda masu lambu a Kalifoniya ke yawan dasawa don ta ɗauko ƙarfin wannan da kyan waccan. Sai dai duk wadda aka zaɓa cikin biyun, a ba ta tazarar mita da yawa daga katanga da bututun ruwa, don gindinta faɗaɗa yake yi da shekaru, kuma ba itacen da za a tone a matsar ba ne bayan ya girma.